Guɗa Daga Bayan Zana

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Karatuna bai yi nisa ba. Ina cikin ƙananan surori aka ce na isa riƙe muciya, na jingine allona a bayan randa. Baƙaƙena kuwa karkatattu ne, kai ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Takardar ma maƙwabcinmu Malam Abdussamad ne ya ba ni guntayen da suka rage masa, na naɗe su cikin tsumma na yi kamar na manta. Kakata Inno ce ta matsa mini. Ta ce matan unguwa sun juya zancen nan a bakin rijiya har ya tsiro da ƙaho da wutsiya, kuma tunda ita harshenta ba ya jure doguwar magana yanzu, ni kuma nawa ba ya fita a gaban mutane, to hannuna ya faɗi yadda aka yi.

Sunana Barakatu. Gidanmu yana cikin ganuwar Maska, ta wajen marina, inda ake jin bugun tufafi tun hantsi. Kakanninmu masu shanu ne, amma tun kafin a haife ni suka zauna suka kama noman dawa da auduga. Shanun da suka rage mana ba su da yawa, Fillancin da ya rage kuma sai wanda Inno ke zagin awaki da shi.

Inno ita ta haifi babanmu. Duk Maska an san ta da surutu, an kuma san ta da guɗa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har mabuga sukan dakata su ce, "Yau kuma wa ya haihu?" Ba a suna ko biki a unguwarmu ba a aiko mata da goro ba. A gidanmu kuma akwai al'adar da muka gada. Amarya ba ta ƙetare ƙofar ciki sai tsohuwar gida ta tarye ta da guɗa, sannan ta guntsi madarar da aka tatso ranar, ta fesa mata a ka da ƙafafu. In ba a yi haka ba, to gidan bai karɓe ta ba ke nan. Har ƙauyukan da ke kewaye an san mu da wannan.

Ni nake kwana a ɗakinta tun da aka yaye ni. Bebiya take kirana, don in baƙo ya yi sallama nakan shige bayan rumbu sai ya tafi. Takan ce, "Ranar rabon harshe barci kike yi, sai aka ba ni nawa aka haɗa mini da naki."

Yayana Lawal ya ga wata yarinya a Danja, sunanta Maijidda, ranar da ya kai auduga kasuwa. Daga nan ya dinga ƙirƙiro dalilin zuwa Danja har jakinmu ya san hanya shi kaɗai. Ita ma tana son sa. Baba ya tura manya, aka fara magana.

A farkon daminar nan ne wani ɗan miki ya fito wa Inno a gefen harshe, bai fi ƙwayar dawa ba. Da fari ta ɗora laifin a kan wani haƙorinta da ya gutsire. Daga baya ta ce furen taba da take goge haƙora da shi ne ya yi ƙarfi. Na daka mata bagaruwa ta shafa, ta kurkure da ruwan gishiri, ta lasa zuma. Mikin bai ji ba. Kafin a gama noman farko ya kai ƙwayar wake, bakinsa ya yi tudu-tudu, cikinsa fari-fari. Miya in ta ji barkono sai hawaye. Goro kuwa, da ba ta rabuwa da shi, ko kallonsa ta daina yi. Akwai kuma wani tari da take yi tun lokacin sanyi, wanda take cewa ƙurar shiɓar auduga ce. Da yamma jikinta kan yi ɗumi, da safe in na naɗe shimfiɗarta in ji ta a jiƙe. Mundayenta da a da sai an sa sabulu suke fita, suka koma zubowa da kansu in ta sauke hannu.

Ranar da Aƙilu wanzami ya zo yi mata ƙaho, bayan ya gama sai ta ce, "Bebiya, saki asabari." Na saki. Ta dube shi ta ce, "Wanzam, zan nuna maka wani abu. In na ji shi a waje, da askarka zan sa a kwashe maka gemun nan."

Ya yi dariya ya ce, "Inno, sirrin da ke cikin zabirar nan tawa ya fi asake yawa. Buɗe."

Ya ja ta bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana dubawa. Ya taɓa ƙasan muƙamuƙinta ya ji wasu 'yan ƙululu. Ya tambaye ta tari, ya tambaye ta ko takan ga jini-jini a abin da take tofarwa. Dariyar tasa ta tafi.

Ta ce, "Ka tsaga shi mugun jinin ya fita. Ko ka cire mini beli yadda kake wa jarirai."

Ya ce, "Aska ba ta kai inda wannan yake. Ba a baki ya fara ba. Tarin nan naki ne ya hauro daga ƙirji ya yi masauki a harshe. Na taɓa ganin irinsa wajen wani masaƙi a Mahuta."

"Wane tari?"

Ya dubi ƙasa. "Wanda kika sani."

"Faɗi sunansa mana, surukinka ne?"

"Tarin fuka."

Ta ce, "Masaƙin fa?"

"Ya daɗe yana saƙarsa. Daga baya Allah Ya karɓi abinSa."

"To ai ni ma ba gadin duniya aka ba ni ba," in ji ta.

Ya ce ta ware ƙwaryarta da ludayinta. Kada ta ƙara tauna wa yara abu ta ba su, kada yawunta ya taɓa kowa, ta riƙa tofarwa a kasko mai toka ana binnewa. Ta sha dafaffiyar madara da zuma, da jiƙon sabara, ta riƙa zama a rana. Ni kuma ya duba bakina ya ce lafiya lau, amma in mayar da tabarmata can bakin ƙofa inda iska ke shigowa.

Da ya tafi ta kama hannuna. Ta ce, "Kin ji dai. Mutanen Danja in suka ji akwai tarin fuka a gidan nan, ba za su ba mu 'yarsu ba. Ni na ga yadda aka yi da yayata a ruga, da ta kamu ko masu sayen nono sun daina zuwa. Ki riƙe bakinki sai an kawo amarya."

Na ce to. Ta ce, "Dama wa na samu da ya fi ki iya wannan aiki?"

Abin da ba mu hango ba shi ne yadda mutanen gida za su karanta shirun nata.

Ranar da manya suka dawo daga Danja da labarin an sa ranar biki sai bayan an kwashe amfanin gona, mata suka fito tsakar gida kowa ya juya wajen Inno. Ta ɗaga hannu kamar za ta kama hanci, sai ta sosa kunne, ta shige ɗaki. Tsakar gida ta yi tsit. Har akuya ta daina tauna.

Washegari ta ƙi sa hannu a akushin mata, ta ce a zuba mata nata daban. Ta ɗaura wa ludayinta baƙin zare, ta ce duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ita. Ƙaramin jikanta ya rarrafo ya buɗe baki yadda ya saba a tauna masa nama, ta ce a ɗauke shi. Matan gida suka haɗa wannan da wancan, suka gama lissafi: Inno fushi take yi, ba ta son auren.

Baba ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ko kallon fuskarsa sosai. Ya ce in akwai abin da aka yi ba daidai ba a gaya masa. Ta kawar da kai ta ce wa bango, "A ce wa mutumin nan ya je ya yi shirinsa."

Sai Lawal ya zo da kansa, da goro fari sol a ganye. Su da ma wasa suke yi irin na kaka da jika.

Ya ce, "Uwargida ran gida, ga toshi. Ai ko an kawo wata, ke ce ta fari."

"Ajiye can."

"Ba za ki ko ɓara ba? Goron Gwanja ne fa."

"Na ƙoshi."

Ya zaro ido. "Inno ta ƙoshi da goro? Yau kuwa sai in je in duba ko rijiya ta ƙoshi da ruwa."

Na ga bakinta ya motsa za ta yi dariya, zafi ya hana ta, sai ta haɗe fuska. Shi kuma haɗe fuskar kawai ya gani. Ya tare ni a bayan rumbu ya ce, "Barakatu, ke kike kwana da ita. Me Maijidda ta yi mata? Ko ganinta fa ba ta taɓa yi ba." Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce, "Kai, na shiga uku. Mai maganar gidan ta yi shiru, wadda ta rage kuma dama ba a sa rai."

Zance ya bi masu kai zare kasuwa har Danja. Ba a jima ba saƙo ya iso daga Gwaggo Mero, yayar baban Maijidda, wadda ita ta riƙe ta tun tana ƙarama. Ta ce sun ji tsohuwar gidan ba ta yi guɗa ba ranar sa rana. Ta ce za su kawo yarinya yadda aka yi alkawari, amma in suka iso ƙofa ba a tarye ta yadda ake taryar amaren gidan ba, dokin da ya kawo ta shi zai mayar da ita.

Lawal ya daina cin tuwo sosai. Inno ta gwada guɗa a cikin ɗaki, a hankali, fuskarta cikin zane. Abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako ne, ya ƙare da tari, har da ɗan jini a gefen baki. Ta goge ta zauna tana kallona. Kallon bai yi mini daɗi ba.

Ta ce, "Gobe za ki raka ni gonar auduga."

Gonarmu tana bayan ganuwa, kusa da wata babbar kuka. Da muka isa ta zauna a kan saiwa ta ce, "Cire kunyar nan ki rataye ta a reshe. In za mu koma kya ɗauka. Kama hanci."

Na ce, "Inno, ni?"

"A'a, kukar nake wa magana. Kama hanci!"

Koyarwar ta yi wuya, don ba ta iya nuna mini da bakinta. Da yatsa take kwatantawa. Ta ce harshe ya riƙa rawa kamar mazari in an murza shi, numfashi kuma daga cibiya ake ɗauko shi, ba daga maƙogwaro ba. Na gwada. Wasu zabi da ke kiwo a gefen gona suka ɗaga kai suka dube ni, suka ci gaba da abinsu.

Ta ce, "Ko zabi ba su ɗauke ki da muhimmanci ba. Sake."

Na sake. Wani jaki a gonar maƙwabta ya amsa. Inno ta riƙe haɓa tana dariya tana cewa, "Wayyo harshena, za ki kashe ni kafin tarin ya kashe ni. Ga shi kin samu miji."

Haka muka riƙa fita kullum da hantsi, mu tsinki auduga kaɗan don kada a tambaya. Ita tana shan rana yadda Aƙilu ya ce, ni ina fama. Wata rana na rufe ido, na tuna fuskar Lawal a bayan rumbu, na ja numfashi na saki. Sai na ji wani abu ya fita daga kaina, siriri, dogo, yana karkarwa, har ya doki ganuwa ya dawo. Zabin nan suka tashi fir. Na buɗe ido ina neman wanda ya yi.

Can sai ga Bature, mai gonar da ke gaba da tamu, ya taho a guje da lauje a hannu. Ni tuni na faɗa cikin auduga na kwanta. Ya tarar da Inno zaune, hannunta a fuska, don dariya take dannewa.

Ya ce, "Inno! Ashe muryar tana nan? Aka ce kin yi rantsuwa kin bar guɗa."

Ta gyara zama ta ce, "Wasa wuƙata nake yi kafin biki."

Da ya tafi ta ce, "Fito, Bebiya. Kin ji abin da na ji? Mutumin da ya shekara da shekaru yana jin guɗata bai bambance ba."

Nan dabara ta zo mata. Ranar biki ita za ta tsaya a ƙofar ciki, ta ja mayafi, ta kama hanci. Ni kuma in laɓe a bayan zanar da ke jikin ƙofar. In ta buga ƙafa a ƙasa in fara, in ta sake bugawa in tsaya. Dabarar ta yi mini, don ba wanda zai gan ni. Na ce, "To madarar fa?" Ta ce, "Bar ni da wannan, zan san yadda zan yi." Daga baya ta gaya mini ba ta san komai ba, fata kawai take a manta a cikin hayaniya.

Labarin Bature ya kwantar da hankalin gida. Lawal ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

'Yan Danja suka iso da la'asar sakaliya, don ba a son dare ya yi wa mutane a hanyar nan. Ta ƙofar zana na hango su. Amarya a kan doki, lulluɓe da baƙin saƙi, mata na biye da ƙwarya da tukwane a ka. Aka sauke ta a zaure, aka riƙo ta har ƙofar ciki. A gabanta wata doguwar mace ce mai tsage a kumatu, tana tafiya tana duba komai kamar mai sayen gida. Ba sai an gaya mini ita ce Gwaggo Mero ba.

Ta ce, "Salamu alaikum, mutanen Maska. Ga mu mun kawo. A ina tsohuwar da ake ba mu labari take?"

Inno ta fito cikin sabon zane, ta ja mayafi har goshi, ta kama hanci, ta buga ƙafa.

Na rufe ido na saki.

Guɗar ta fita fiye da ta gona. Na ji mata suna cewa, "Ayya, Inno ta dawo!" Daɗi ya kama ni. Na ja wani numfashin na ƙara, ban buɗe ido ba. Ashe a daidai nan hayaƙin turaren wuta ya shiga wa Inno maƙogwaro. Tari ya turnuƙe ta. Ta saki hanci, ta duƙa ta dafa gwiwa tana tari, tana buga ƙafa, tana bugawa. Ni kuwa ina can ina ta rangaɗawa.

Da na tsaya don in huta, ban ji motsin kowa ba sai tarin Inno. Na buɗe ido. An ɗaga zanar, Gwaggo Mero na tsaye a kaina, hannuna har yanzu yana kan hanci.

Ta juya ta ce, "To, jama'ar Danja, kun gani. A Maska tsohuwa tana tari a nan, guɗarta tana fita a can. Haya aka yi mana. Zuciyarta ba ta so, sai aka ɗauko yarinya aka ɓoye."

Mahaifiyata ta rugo da ƙwaryar madara. Ta ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo, tsufa ne. Inno, ga madara, ki fesa mata a wuce wurin."

Inno ta dubi madarar, ta dubi amarya. Ta mayar da hannuwanta baya ta ce, "Ba zan fesa ba."

Wuri ya rikice. Matan Danja suka fara ɗaukar tukwanen da suka sauke. Gwaggo Mero ta kama hannun amarya ta ce, "A kawo doki. Ba a kan hanya muka tsince ta ba." Ta ƙofar zaure na hango Lawal, wanda bai kamata ma a gan shi a gida ranar ba, ya leƙo, fuskarsa kamar an watsa masa toka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji murya ta ce, "Ba ƙi ba ne! Ciwo ne!" Sai da kowa ya juyo na gane tawa ce. Na so ƙasa ta tsage. Amma tunda na fara, sai na ƙarasa, ina kallon ƙafafun Gwaggo Mero. Na ce, "Miki ne a harshenta. Tun damina. Ba ta iya guɗa, ba ta iya goro."

Inno ta harare ni ta ce, "Shekara da shekaru ana jiran ki yi magana, sai yau kika ga dama." Sannan ta yaye mayafi, ta matsa inda rana ke haskawa, ta ce wa Gwaggo Mero, "Tsaya daga nan, kada ki matso. Duba." Ta buɗe baki.

Gwaggo Mero ta duba. Ta dubi wuyan Inno, ta dubi hannuwanta da suka rame. Ta ce a hankali, "Da tarin nan tare suke?"

"Tare suke. Tarin fuka ne, wanzami ya faɗa. Na ɓoye don kada ku hana jikana mata. Ƙwaryata daban, ludayina daban, tun damina. Su waɗannan," ta nuna matan gidanmu da haɓa, "suka ce fushi nake yi. Yarinyar nan kuwa, da ba na son ta, da na guntsi madarar nan na fesa mata, kowa ya tafa. Ba zan sa yawuna a kan 'yar mutane ba."

Tana gama faɗa ta dafe kumatu, don doguwar magana ce a wurinta. Baba, da ya shigo jin hayaniya, ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ce wa iska, "A ce wa mutumin nan ya gyara mini bukkar bayan gida, ta gindin tsamiya. Gobe zan koma can. Dama na gaji da minsharin Bebiya."

Gwaggo Mero ba ta saki hannun amarya ba. Ta ce, "Gaskiya kin faɗa, Inno, kuma na ji. Amma amana aka ba ni. Gida mai wannan tari, ban san abin da zan ce wa ubanta ba."

Amarya kuwa ba ta magana ranar da aka kawo ta, sai an sayi bakinta. Tana tsaye cikin lulluɓi, ƙafafunta kawai ake gani, jawur da lalle. Sai muka ga ƙafar dama ta ɗaga, ta ƙetare dokin ƙofa, ta sauka a cikin gidanmu. Ta hagu ta biyo ta.

Gwaggo Mero ta ce, "Ke! Maijidda!" Amarya ta tsaya ƙyam a ciki.

Wata daga cikin matan Danja ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka kama. Gwaggo Mero ta saki hannun ta ce, "Kun ga rashin kunyar 'ya'yan yanzu. Baki a rufe, ƙafa tana zance." Ta ja tsaki, amma gefen bakinta yana motsi. "To tunda ta shiga, ba za ta zauna ba a fesa mata madara ba, a ce 'yar Danja ta shigo ta bayan gida. Wa zai fesa?"

Inno ta nuna ni. "Mai harshena."

"Wannan ta bayan zana? Zo nan. Buɗe baki."

Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce in fito da harshe, in ɗaga shi, kamar akuyar da za a saya. Ta buga mini baya ta ce in yi tari. Sannan ta ce, "Lafiyayya ce. Ba ta ƙwaryar."

Ban taɓa fesa komai ba. Na guntsa da yawa, kumatuna suka cika, idon mutane duk a kaina. Na nufi kan amarya na fesa. Kaɗan ya same ta. Sauran duk a fuskar Gwaggo Mero ya sauka.

Ta tsaya madara na ɗiga daga haɓarta. Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ni ma Maska ta karɓe ni. Ina nawa angon?"

Dariyar da aka yi ranar har mabuga sun aiko tambaya. Inno tana zaune a kan turmi can gefe, ta riƙe kumatu da hannu biyu, hawaye na zuba, tana cewa a daina ba ta dariya don Allah. Na sake guntsa na fesa wa amarya a ƙafafu, wannan karon daidai. Da aka wuce da ita ɗaki, ta fito da hannu daga cikin lulluɓi ta matse mini yatsa.

Washegari da sassafe Baba da Lawal suka sa wa bukkar gindin tsamiya sabuwar ciyawa. Ni na dafa madara na sa zuma, na bari ta huce, na zuba a ƙwaryar Inno, na ɗauki ludayinta mai baƙin zare. Na same ta zaune a bakin bukka tana jiran rana ta iso ƙafafunta. Ta sha a hankali, ta gefen da ba ciwo. Ta ce, "Kin ɗauko kunyarki daga jikin kuka?"

Na ce ban samu zuwa ba tukuna.

Ta ce, "Bar ta can ta sha iska. Ga amarya za ta fito gaida mutanen gida, kuma ban ji komai ba."

Na wanke ƙwaryar da toka na kife ta a kan danga. Na dawo tsakar gida, inda mata ke shara, 'yan Danja suna ɗaure kayansu, Gwaggo Mero na zaune tana shan kunu. Asabarin ɗakin amarya ya motsa. Na dubi zanar nan, tana inda take. Na wuce ta, na tsaya kusa da turmi inda kowa ke ganina, na kama hanci.